Bangon Gabas na Inna Nyamoyi

Idan ka tambayi yaran yanzu a garin Jenne wane ne Baber Kontawo, za su ce maka maginin nan ne da ba ya zama. Kafin masu gasa burodi su hura tanda ya riga ya ratsa unguwa da kwando a ka. Ka tare shi ka ce ruwa na ɗiga a ɗakinka, ba zai bari ka ƙare gaisuwa ba zai ce ku je ya gani. Yaran suna yi masa dariya, wai tafiyarsa kamar wanda aka biyo. Mu da muka san shi tun kafin shekarar da bangon Inna Nyamoyi ya tsage ba ma taya su dariyar, domin mun san biyo shi ɗin aka yi.

A da ba haka yake ba. Kuma kada wani ya ce malalaci ne, abin da ke ba ni haushi da shi ke nan har yau. Duk cikin maginan garin nan babu mai tafin hannu irin nasa. Idan ya shafi bango, sai ka rantse da harshe aka lashe shi. Ranar yaɓen babban masallaci, lokacin da gari ke ɗauka da kiɗa da gudu da kwandunan laka, shi ne na farko a kan tsani, shi ne na ƙarshen sauka. Amma ka bar shi shi kaɗai da aiki, ba ganga ba jama'a, sai ka ga ikon Allah. Zai gyara bakin kwando. Zai je bakin kogi ya duba ko laka ta yi. Zai dawo ya tarar an ɗora shayi, kuma mutum ba ya tashi a kofi na farko, ba ya tashi a na biyu. Duk wanda ya zo da buƙata amsa ɗaya ce: a bari a ci kasuwar Litinin. Talata yana huta gajiyar kasuwa, Laraba da Alhamis yana shiri, Juma'a Juma'a ce, Asabar kuwa ai Litinin ta matso. Har sunan ya bi shi, ana kiransa Bayan-Litinin, yana amsawa da murmushi.

Sauran gidajen da ya gaji aikin yaɓensu sun saba da halinsa. Su yi ta sintiri, su haɗa shi da matarsa Penda, su haɗa shi da Allah, wata rana ya wayi gari da zuciya ya yi musu aikin mako a kwana biyu. Gida ɗaya ne duk sintirin bai yi aiki a kansa ba, shi ne gidan Inna Nyamoyi Sise.

Kakan Baber ne ya aza harsashin gidan, da abin da ya binne a kusurwoyinsa da abin da ya karanta a kai. Ubansa ya riƙe shi shekara arba'in, kowace shekara da sabon yaɓe. Gida da magininsa tare ake gadonsu, kuma babu maginin da zai ɗora hannu a bangon wani sai mai bangon ya ba shi izini da bakinsa. Wanda ya yi gigi, ana cewa ko tsani ya kife da shi ko hannu ya shanye, ba a kuma taɓa samun mai son gwadawa ba. Tun da tsoho Kontawo ya rasu, damina uku ta wuce a kan gidan nan ba a shafa masa ko dunƙulen laka ba.

Inna Nyamoyi ta haura saba'in. Mijinta mai ɗinkin riguna ne, ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya tana aure a Mopti. Ita kaɗai ce a gidan, tana kaɗi tana sayar da zare, tana jan ƙafar hagu da gwiwa ta cinye. Ɗakinta na gabas ne, gadonta na jingine da bangon da hadari ke fara duka.

Da ruwan kogi ya janye, lokacin da kowane magini ke haƙar laka yana jiƙa ta da ƙaiƙayin shinkafa don ta ruɓe, sai ga ta a ƙofar gidan Baber. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi Penda, ta tambayi yara. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ajiye masa tsinken tsintsiya a kan tabarma.

"Wannan fa, Inna?"

"Ya shige bangona, ɗan Kontawo. Har ƙarshensa. Yaushe za ka zo?"

"Ai tsagar yaɓe ce, ba ta kai ciki ba. A ci Litinin, ina nan tafe."

Ta ce Allah ya kai mu. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta bar tsinken a nan.

Litinin ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa. Baber ya koma bin wata hanya idan zai je masallaci, don kada ya bi ta lungunta. Ba mantawa ya yi ba. Da abin yake kwana, da shi yake tashi, yana cin shinkafa da kifi yana jin tsinken nan a maƙogwaro. Sau biyu ya ɗauki kwando ya kai har bakin lungun, ya hango dogon bangon ya yi fari fat, yaɓen ya zube, tubala sun fito fili kamar haƙoran tsoho. Sau biyun ya tuna wani abu da ya manta a gida.

Da zafi ya kankama ta dawo. Wannan karon mazari ta ajiye, wanda take kaɗi da shi.

"Yana shiga ya juya a ciki," in ji ta. "Da safe rana na biyowa ta tsagar ta sauka a kan dardumata. Ban taɓa ganin rana a ɗakin nan ba sai bana. Yaushe za ka zo?"

Ya yi rantsuwa, ya kira ranar. Ta saurare shi har ya gama, ba ta ce masa ƙarya yake yi ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Bayan kwana kaɗan wani magini mai suna Sori ya yi sallama. Ya girmi Baber a haƙuri, Baber ya girme shi a shekaru. Ya zauna a gefen tabarma, ya ce 'yar tsohuwar ce ta aiko daga Mopti tana roƙo a duba gidan uwarta.

"Yaya, ba ƙwace na zo yi ba," in ji Sori. "Ina da ruɓaɓɓiyar laka rami biyu, ta yi baƙi tana wari, sai shafawa. Ka ce min je ka, shi ke nan. Sunanka ne a kan aikin, ni hannu kawai."

Kalma biyu ake nema a bakinsa, amma sai girman kai ya hau shi.

"An gaya maka na mutu ne? Gidan kakana ne. Ni zan yi."

Sori ya dube shi, ya dubi mazarin da ke soke a jikin rufi, ya ce to, ya sa takalminsa.

Penda tana jin su daga madafa. Ba mace ce mai yawan magana ba, shi ya sa idan ta yi ake ji. Ta fito tana goge hannu.

"Baban Umu, ba ka yi ba, ka kuma hana a yi. Me tsohuwar nan ta yi maka? Ka yaɓe gidan mai gishiri, ka yaɓe gidan liman, duk da jan ƙafarka. Me ke cikin gidan nan?"

Sannan ya faɗa mata abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kowane gida da kalmominsa, uba ke ba ɗa, gida bayan gida. Tsoho ya ba shi na sauran duka. Na gidan Nyamoyi ne ya rage, don shi ne mafi tsufa, shi ne kakan ya fi ɗaurewa. Ranar wata Asabar tsoho yana kwance ya ce masa, zo ka zauna in ba ka na gidan Sise. Shi kuwa abokai na jiransa wajen shan shayi, ya ce Baba, a bari a ci Litinin. Tsoho ya cika ranar Lahadi da hantsi.

"Idan na taɓa bangon nan ba da kalmominsa ba, ban san abin da zai faɗo ba, ko ni ko shi. Idan kuma na ba Sori izini zai tambaye ni abin da zai karanta. In ce masa me? In ce ɗan Kontawo ya sayar da gadonsa a kan kofin shayi?"

Penda ta ce, "To je ka gaya wa tsohuwar. Ko ka gaya wa dattawan magina. Kunya ba ta danne kowa a gado, bango na dannewa."

Ya ce zai je. Ta tambaye shi yaushe. Ya buɗe baki, ta ga abin da zai faɗa, sai ta juya ta koma madafa.

Shamuwa ta iso da wuri a shekarar. Iska ta juya, ta fara zuwa daga gabas da ɗumi da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Masunta suka ce kwaɗi sun fara kuka tun ba a ga digo ba. Kowane bango a garin ya yi sumul da sabon yaɓe, an gyara indararo, an share kwata. Bango ɗaya ne ya rage tsirara, kuma duk mai wucewa ta lungun sai ya raɓa ta ɗaya gefen.

Zuwan Inna Nyamoyi na uku ba ta zauna ba. Ta tsaya a ƙofa tana haki, ta jingina muciya a jikin bango, babbar muciyar tuwon biki.

"Ba ni da abin da ya fi wannan kauri a gidan," in ji ta. "Idan ta ƙara buɗewa sai dai in kawo maka kaina. Da rana ina jin ƙasa na zuba a ciki, siririya, kamar ana tankaɗe. Yaushe za ka zo, Baber?"

Ranar dai tsoro ya fi kunya ƙarfi. Ko azahar bai jira ba, ya ɗauki fartanya ya gangara kogi. Wuraren laka mai kyau duk an kwashe, sai da ya yi nisa. Ya haƙa, ya kwaso, ya zuba ƙaiƙayi, ya tattake da ƙafa har gwiwa. Aikin da ya shekara uku yana gudu, wuni ɗaya ya ci masa, har ya tsaya a bakin ramin yana mamakin ƙanƙantarsa. Sai dai laka ba ta san sauri ba. Sai ta yi mako uku tana ruɓewa kafin ta kama bango, wadda ba ta ruɓe ba ruwan farko ke wanke ta.

Ya je ya roƙi tsohuwar ta koma ɗakin ƙofa kafin nan. Ta girgiza kai.

"Shekara hamsin da ɗaya a nan nake kwana. A nan na haihu, a nan aka yi wa mijina wanka. Kakanka ya gina, ubanka ya riƙe, kai kuma ka ce za ka zo. Idan na kwashe kayana, ai na ce wa gari gidan Kontawo ya kasa."

Da ya tokare bangon da azara uku a ranar, da wani labari nake ba ku. Azarar tana nan jingine a gidansa. Amma tokara ma taɓawa ce. Ya tsaya a gaban tsagar, ya ga ta kai tun daga indararo har ƙasa, ya ɗaga hannu, hannun ya ƙi ƙarasawa. Ya ce wa kansa idan laka ta yi, zai rufe ido ya yi komai gaba ɗaya.

Kwana na goma sha ɗaya Litinin ce. Da safe ya je ya juya lakar, ya shinshina, ba ta yi ba. Ya shiga kasuwa don ya rage wa kansa tunani, ya zauna wajen Ogobara, ɗan ƙabilar Dogon mai kawo busasshiyar albasa daga duwatsu, abokin wasansa tun suna samari, irin wasan da ke tsakanin mutanen dutse da mutanen kogi.

"Ga bawana ɗan kifi," in ji Ogobara. "Yau me ka ɗage? Na ji an ce ranar da aka haife ka ma sai da ka ce wa ungozoma a bari a ci Litinin."

"Rufe mana baki, ɗan dutse. Ku da kuke gina ɗaki kamar rumbun ɓera."

"Ɓeran namu dai yana kwana lafiya." Ogobara ya miƙa masa shayi, sannan ya daina dariya. "Shekaranjiya an yi ruwa a wajenmu, irin wanda ban taɓa gani ba a farkon damina. Ya tafi da gonakin albasa har da duwatsun da muka tare su. Tun da na taso yake bin bayana. Duba can."

Baber ya waiwaya. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa, ƙasan baƙin kuma ja. Ba iska ko kaɗan. Tsuntsayen da ke kan masallaci suka tashi gaba ɗaya. Mata suka fara tattara ƙwarya.

Ya ajiye kofin bai sha ba. Ya yi gida da gudu, ya saɓi azara ɗaya, ya fito. Kafin ya kai rabin hanya ruwa ya sauko, ba digo-digo ba, a tsaye yake zuwa daga gabas yana dukan bangaye. Lunguna suka zama rafi. Sau biyu santsi ya kayar da shi, sau biyu ya tashi da azarar. Ya karyo kwanar lungun ke nan ya ga bangon, ya jiƙe ya yi baƙi, ruwan soro duk yana bin tsagar yana shiga ciki. Saura taku ashirin. Bangon bai yi wata ƙara mai yawa ba. Durƙusawa ya yi a hankali, kamar saniyar da ta gaji, rufin ya bi shi.

Maƙwabta suka fito cikin ruwan, magina suka zo daga ko'ina, har da Sori. Da hannu aka yi ta tono. Aka same ta a kan dardumarta, azarar rufi ta danne mata ƙugu, tana numfashi. Aka ɗauke ta zuwa zauren maƙwabci, aka kira mai ɗori, ya taɓa ya dubi ƙasa.

Da ruwa ya tsagaita, maginan suka koma gaban gidan suka tsaya, hannu a baya. Ceton rai daban. Yanzu da aka fitar da ita, tubali ɗaya ba wanda zai ɗaga, gidan na Kontawo ne. Su goma sha biyu suna tsaye suna jiran mutum ɗaya, shi kuma yana durƙushe a ƙofar zauren, laka har gira, ya kasa shiga.

Ita ce ta sa aka kira shi. Ya shiga da rarrafe. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa baki, da ta tsine masa da ya ce amin. Ta buɗe ido ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce da 'yar muryar da ta rage mata:

"Baber, yaushe za ka zo?"

Nan ya fashe. A gaban mata, a gaban magina da suka cika ƙofa, ya faɗi duka: Asabar ɗin, shayin, Lahadin, da shekara uku yana ɓoye cewa ba shi da kalmomin gidanta.

Tsohuwar ta lumshe ido. "Wannan ne? Da ka tambaye ni, ɗan nan. Shekara arba'in ina kwance a bayan bangon nan ubanka yana tsaye a gabansa. Da sassafe yake zuwa, kafin in tashi. Sai in ji ya ɗora tafinsa, ya yi bisimilla, ya ce, ga ni na zo. Sai in ji laka ta fara sauka. Ko akwai wasu a cikin zuciyarsa, ban sani ba. Ni dai abin da na ji ke nan kowace shekara, kuma bangon bai taɓa tsagewa ba."

Baber ya fita. La'asar ta yi, hadarin bai gama watsewa ba. Ya je ga guntun bangon da ya rage, ya ɗora tafinsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya faɗi abin da ta gaya masa. Hannun bai shanye ba. Ya juya ya ce, "Sori, na ba ka izini. Na ba ku duka. Ku taimake ni."

Sori ya buɗe raminsa na laka. Aka tsinci tsofaffin tubalan kakan daga cikin ɓaraguzai, waɗanda aka mulmula da hannu, aka sake jera su. Suna aiki tsakanin ruwa da ruwa, suna rufewa da tabarmi idan hadari ya taso. Kwana ashirin da shida aka yi, Baber bai ga kasuwar Litinin ko sau ɗaya ba. 'Yar tsohuwar ta zo daga Mopti ta so ta tafi da ita, ta ce ba inda za ta, magininta na aiki. Da ɗakin ya bushe aka ɗauko ta a kan gado aka mayar da ita jikin bangon gabas. Ta shafa shi da bayan hannu ta ce, hannun ubansa ne. Kwana tara ta yi a ciki, ta cika.

Yau shekara goma sha huɗu ke nan. Gidajen da Baber ke riƙe da su sun ninka, babu wanda ya taɓa ganin tsaga ta kwana biyu a bangonsa. Tsinken da mazarin da muciyar suna nan soke a rufin ɗakinsa, daidai inda idonsa ke sauka idan ya farka, ya hana Penda saukewa. Ogobara har yanzu yana kiransa ɗan kifi, amma tsohon sunan ya daina fita daga bakinsa.

Gidan Nyamoyi a kulle yake, 'yar ba ta dawo ba, ba ta kuma sayar ba. Duk shekara, da zarar laka ta ruɓe, kafin gidan liman, kafin gidan kowa, can yake fara zuwa. Masu fita sallar asuba suna ganinsa shi kaɗai a lungun da tsaninsa. Yana ɗora tafi a bangon gabas, ya ce ga shi ya zo. Sai ya ɗan dakata, kamar mai jiran a yi motsi a ciki, sannan ya sunkuya ya ɗebi laka.